Hannuna da Na'urar Yamai

Tama, 4 ga Nuwamba

Aminina Alƙasim,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Mariyatu da yara. Mu nan an gama yankan gero, sai godiya.

Na gode da ka sauki ɗana Munir a gidanka. Wannan magana ba ta waya ba ce, shi ya sa na ba direban motar Buza takarda.

Ka san shekara talatin ina ɗori. Daga Bangi har Urno ake kawo mini karaya a amalanke. Ranar da aka murɗe wa Munir gwiwa a filin kokowa, ni na taɓa ta, na ce gocewa ce, na ja, na ɗaure da kara. Wata biyu gwiwa tana kumbura tana zillewa. Hoton ƙashi da aka ɗauka a asibitin Madawa ya nuna ƙashi bai karye ba, yadda na faɗa. Duk da haka yaron ya tattara ya tafi Yamai, wai akwai na'ura mai suna IRM da ke ganin jijiya.

Yanzu in ya kira uwarsa, ba shi da zance sai lokotoro Mahfuzu, likitan da ke duba shi. Lokotoro ya ce kaza, lokotoro ya nuna kaza. Mutumin da bai girme shi da shekara goma ba! Ni da na san ƙafar nan tun tana rarrafe, sai dai a ce a gaishe ni. Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake, har tuwo ba ya mini daɗi.

Ka rubuto mini abin da hoton ya nuna, kada ka rage kome.

Naka,
Rabo maɗori

Tama, 19 ga Nuwamba

Aminina Alƙasim,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Munir? Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku a bayan rumbu.

Ka ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta tsinke, guringuntsi ya tsage, kan ƙashin ma ya ƙuje. Duk wannan yatsana bai ji ba. Injin da ba ya ko bisimilla ya gani cikin rabin awa, kuma har yanzu ina jin haushinsa.

Amma abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ƙarshen takardar. Lokotoro ya tambaya ko wani ya taɓa jan ƙafar, domin ya san abin da zai tarar ranar da zai yi wa gwiwar aiki, Munir ya ce babu wanda ya taɓa ta. Kai ka ɗauka zan ji daɗi ya rufa mini asiri. Ban ji ba. Yaron da ke yabon baƙo safe da yamma ya ji kunyar kiran sunana a gabansa.

Don Allah gobe ka je ka sami Mahfuzun nan. Ka gaya masa an ja gwiwar sau uku, ranar farko, da rana ta bakwai, da ta goma sha huɗu, mutum biyu suna danne cinya. An ɗaure ta da kara kwana ashirin. In ya tambayi wanda ya yi, ka ce ubansa ne, Rabo na Tama, ka faɗi sunan da kyau. Ya rubuta a takardarsa kafin ya sa wuƙa.

Ka gaishe da Mariyatu. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Rabo