Kajin Jego a Ƙarƙashin Matakala

Zuwa ga ƙanena Ramzi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wasiƙar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa maka zafin Kuwait da na aikin gini, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan ƙauye sai godiya. Matarka Shaima ta yi nauyi sosai, ungozoma ta ce ba za ta wuce ƙarshen wata mai zuwa ba. Mijina Abdul Azim ya gama shukar alkama, yara kuma suna ta tambayar yaushe kawunsu zai zo. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda duk sanda ka bugo waya Umma na zaune kusa da ni, ba na iya faɗin abin da ke raina.

Maganar kajin Umma ce, kada ka yi dariya. Ka san tun da aka ce Shaima na da ciki Umma ta sayi 'yan tsakin gida daga kasuwar Fayyum, ta ce ba za a ce surukarta ta yi jego da kajin gona marasa ɗanɗano ba, da hannunta za ta yi kiwon waɗanda za a yi mata romo da su, kamar yadda ta yi mana mu duka. Suka taso a saman soro gwanin sha'awa, suna shan rana, suna cin ɗanyar ciyawa da dusa, suna tonon ƙasar da ke gindin tanderu. Sai rannan maƙwabciyarmu Ummu Bahgat ta leƙo ta kan katanga tana shanya, ta ce kai, waɗannan kaji ko 'yan raguna, ta kuwa manta ba ta ce Masha Allah ba. Washegari shaho ya ɗauke ɗaya. Umma ta ce ai ga shi nan, kambun baka ya kama. Ta yi turare, ta barbaɗa gishiri a matakala, sannan ta kwashe kajin kaf ta kulle su a ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin matakala inda Baba, Allah Ya jiƙansa, yake ajiye fartanya, wai don kada ido ya sake ganinsu.

Ramzi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ɗakin nan ko taga babu. Ta hana a kawo musu ciyawa daga gona, wai masu ganin an shigo da ita za su san kajin na nan. Jiƙaƙƙen burodi kawai take ba su da ragowar shinkafa. Yanzu sun daina ci. Sai su tsaya a kan abinci suna gyangyaɗi, zankonsu ya koɗe, suna fizgar gashin juna, biyu ma ƙafafunsu sun ƙi ɗaukarsu. Wadda ta fara ƙwai ta yi shi ba ɓawo, lagwai-lagwai. Na naɗe kaza ɗaya a mayafi na kai wa likitar dabbobi a ɓoye. Ta taɓa ƙirjinta, ƙashi zalla, ta ce ba annoba ba ce, yunwa ce ana tsakiyar abinci. Burodi cika ciki kawai yake yi. Ta ce a fitar da su rana, a ba su ganye da dusa da niƙaƙƙen wake da dakakken ɓawon ƙwai, a bar su su tsinci tsakuwa, in an yi da wuri yawancinsu za su tashi. Da na gaya wa Umma, cewa ta yi likitar yarinya ce, a makaranta ba a koyar da bakin mutane.

Da kajin ne kaɗai da ban ɗaga maka hankali ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne Umma kanta. Tun da suka daina ci ita ma ta daina. Wake da cukwin da nake kai mata da safe sai ta murmushe ta zuba musu, ko za su yi sha'awa, su kuwa ko kallo ba sa yi. Ta wuni a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakin nan tana kiransu, tana shan shayi baƙi. Ka san da ciwon sukari a jikinta, ga magani tana sha ciki babu komai. Shekaranjiya jiri ya kwashe ta a tsakar gida, Allah Ya sa Shaima na kusa ta tare ta, mai tsohon ciki tana tallafe da tsohuwa. Na yi faɗa, na yi lallashi, har kuka na yi mata, na ce in kajin sun mutu za mu sayi wasu. Ta dube ni ta ce, "Yarinyar nan za ta haihu mijinta ba ya nan, uwarta ba ta da rai. In ban ba ta romon hannuna ba, me na ba ta?" Ramzi, tsoro kawai nake ji.

Ni 'ya mace ce da take gani kullum, maganata ta zama ruwan sha a kunnenta. Kai ne auta, abin da ka faɗa ba ta musu. Don Allah ranar da takardar nan ta iso ka kira ta. Kada ka tambayi lafiyarta, alhamdu lillahi za ta ce maka. Ka tambayi kajin, ka ce kai kake so a mayar da su saman soro, za ka sa Abdul Azim ya ɗaga katanga da kara ta gefen Ummu Bahgat, ya rufa raga saboda shaho. In sun ci, za ta ci.

Ka gaishe da Kawu Fathi da ɗansa Midhat da duk abokan zamanku. Shaima tana gaishe ka, ta ce kada ka damu da ita. Abdul Azim da yara, Rahab da Wa'il, duk suna gaisuwa. Umma ma ta gan ni da biro, ta ce in gaishe ka, in gaya maka tana cin abinci sosai har ta yi ƙiba. Na isar da saƙonta tun da amana ce, amma kada ka yarda.

Allah Ya tsare mana kai.

Yayarka,
Ihsan