Ɗingishin Léontine

Paris, 3 ga Maris, 1884

Yaya Apolline,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da jikoki. Yaya tarin nan naki? Ni dai gwiwar hagun nan ce, kullum sai lallaɓawa.

Albishirinki! Baudry, mai gidan wasanmu, zai farfaɗo da rawarmu ta da, ta 'yar ƙauyen da ɗan sarauta ya yaudara, baƙin ciki ya kashe ta, ta dawo fatalwa cikin fararen kaya ta yafe masa. Kiɗan yana rubuce, amma takun fa? A ƙafafunmu kawai yake, kuma duk abokan rawata sun riga mu gidan gaskiya. In na tafi ban koyar ba, rawar ta tafi ke nan. Tsoro nake ji, Yaya.

An ba ni wata mai rawa, Clémence. In ta tsaya kan yatsun ƙafa kamar dasa ta aka yi. Na taka, ta taka. Kullum sai na ce, "Ke sarkin kallo, ƙafata za ki duba, ba fuskata ba!" Na rantse ko taku ɗaya ba zan bari a canza ba.

Ƙanwarki,
Léontine

Paris, 20 ga Afrilu, 1884

Yaya Apolline,

Ina gaishe ki. Na ji daɗi da tarin ya lafa.

Jiya aka yi wasan. Kin tuna inda fatalwar ke komawa kabarinta? Taku takwas ne, sumul. Sai ga Clémence ta karkata hagu tana jan ƙafa. Ɗingishina, Yaya! Shashashar ta ɗauka cikin rawar yake. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma gidan ya yi tsit, mata sai share hawaye suke. Har Baudry yana cewa wai ƙafar fatalwar ce ta ƙi rabuwa da masoyinta.

Da aka tashi Clémence ta rugo ta rungume ni. "Inna, na yi daidai? Jan ƙafar nan ya ba ni wuya, sati biyu ina fama da shi."

Na yi niyyar gyara mata, sai na fasa. Shekara ashirin da shida ke nan da gwiwar nan ta raba ni da dandamali, jiya kuwa ita aka tafa wa. Na ce mata daidai ne, kuma in ta tsufa ta koyar da shi haka.

Ki sa ni a addu'a. Na yi ƙarya, kuma ko kaɗan ban yi nadama ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Léontine