Kunnen Hagu

Laraba da dare, Karmo

Yau ma kunnen hagu ya ƙi ni. Da la'asar ina gwada sifikoki saboda bikin Asabar, sai na sa waƙar wani DJ ɗan Faransa, wadda ta fito da shi duniya. Da ita na koyi sana'ar nan ta DJ. Kiɗan yana dukan ƙirjina, amma a hagu siririn fito kawai nake ji.

Matata Ladi ta dafa kafaɗata. "Baban Talatu, sau uku ina kiranka."

Na ce ƙarar kiɗa ce.

"Ai waƙar ta ƙare kafin in fara kira."

Yanzu gida tsit, fiton yana nan, kuma kamar ya fara tsallakawa dama.