Jiƙon Inna

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya sanyin Jos? Ƙafar taki ta saki?

Mun dawo Yelwa daga asibitin Abuja. Bayan shekarun da na yi ina shan ɗaci, ashe matsalar ba a jikina take ba. Likita ya ce da ita aka haifi Bashir, tana cikin ƙwayoyin halittarsa, ba ta da magani. Za a iya gwada ciro iri daga jikinsa a haɗa da nawa a dasa mini, amma babu tabbas. In kuma aka dace da namiji, zai gaje ta. A mota Bashir ya roƙe ni kada Innarsa ta sani. Ranar na fara ganin hawayensa.

Jiya muka je gaida ta. Tun ban zauna ba ta miƙo mini jiƙon sassaƙen da wani basarke mai maganin gargajiya ya aiko daga Wara.

"'Yar nan, shanye. Mu dai mazan gidanmu ba a san su da rashin haihuwa ba."

Bashir ya ƙura wa tabarma ido kamar ranar ya fara ganinta. Na jira shi. Bai ɗago ba. Na shanye tas, na yi godiya, na ja mata ƙofa na fito.

Ke kaɗai na gaya wa. Ki sa mu a addu'a, shi ma ya fi ni buƙata. A gaida yara.

Ƙanwarki,
Rabi