Inna, Tagogin Jirgin Sun Daina Yoyo

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki. Labari na kawo miki, da kuma roƙo.

Surukinki ya sayi jirgin ruwa. Tsoho ne, irin wanda iska ke turawa, ya same shi a bakin kogin Potomac, kusa da gidanmu a Woodbridge. Sa'o'insa in sun yi ritaya masallaci suke ginawa a gida. Naki ya sayo abin da ke yoyo ta kowace taga.

Kin tuna ranar da za mu taho Amurka? Kika riƙe hannuna, kika ce, "Binta, duk abin da za ki yi a can, kada ki shiga ruwa. Ruwa ba shi da wurin kamawa." Na san ƙaninki da kogin Yauri ya cinye kike tunawa. Na ce to. Ban taɓa saɓawa ba. Jikokinki duk sun iya iyo, ni kuwa gwanar riƙe tawul ce.

Da yake jirgin a tudu yake, an ɗora shi kan ƙarafa, sai na yarda in taya gyara. Ranar da aka fara ruwan sama na yi abin da kika koya mini a damina: na jera kwanoni da langa ƙarƙashin kowace taga. Da digirina biyu, Inna. Sai da surukinki ya gama dariya na tuna cewa ɗaki ba ya tangaɗi, jirgi kuwa aikinsa ke nan.

Muka cire tagogin ɗaya bayan ɗaya. Na kankare tsohon danƙon da ke riƙe gilashin da wuƙa har farcena ya ƙare, na goge bakin tas, don sabon danƙo ba ya kama datti. Muka shafa, muka mayar da gilashin, ba mu matse sosai ba sai da ya sha iska. Shi yana son sauri, ni ina jan aikin, kin kuma san dalili.

Jiya ya tsaya a waje yana feshi da tiyo, ni ina ciki ina shafa bango da tafin hannu. Ko ɗigo. Na ji daɗi, na kuma gane uzurina ya ƙare. Ran Asabar za a sauke jirgin a kogi.

Na juya maganarki kamar lauya: ruwa kika ce, ba ki ce jirgi ba. Amma na san hararar da za ki yi wa wannan wayon. Gaskiyar ita ce furfura ta cika wa surukinki kai, ba na son in tsaya a gaɓa ina kallonsa yana ƙanƙancewa can nesa a kan ruwa shi kaɗai. Zan shiga, Inna. Da rigar ceto, ɗaure tam. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa ki da ƙaninki a Aljanna, mu kuma Ya dawo da mu tudu lafiya.

'Yarki mai jin magana, sai dai ran Asabar,
Binta