A Dawo Mini da Fuskata

Zuwa ga Mai Girma Admin na guruf ɗin matasan unguwarmu ta New Bell,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da wayarka.

Ni ne Tanko Mai Hula na layin bayan masallaci, mai rumfa a Marshe Kongo tun kafin a yi maka kaciya. Ban shiga lekol ba, wato makarantar boko. Maƙwabcina Malam Isa tela ne ke rubutawa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. An ce kai ke sa mutum, kai ke cire mutum a wannan guruf, wato kai ne hukuma. Shi ya sa na kawo ƙarata gare ka a fili, domin a fili aka yi mini abin.

Na ɗaya. Asabar ta biyu bayan Babbar Salla aka yi sunan jikata a gidan ɗana na fari. Ba na faɗin sunansa, kun san shi, shi ne mai aikin ofis a tashar jiragen ruwa. Da safe muna zaune kan tabarma, wani cikin mutanenka ya ɗauke ni hoto ba ko sallama. A hoton na yamutse fuska, na taɓe baki, ido ɗaya a rufe, hula ta karkace. Aka yanko ni daga cikin jama'a, aka rubuta JAMAIS a ƙarƙashin haɓata, aka mai da ni abin da kuke kira sitika. Ba na karatu, amma kalmar na san ta, "har abada" ke nan da Faransanci, na sha faɗa wa masu yi wa hula tayin banza.

Na biyu. Wayata ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar fuskar kowa, don haka ni ne na ƙarshen ji. Sai da mai makala, wato mai soya fanke ta bakin kwalbati, ta riƙa toshe baki da mayafi duk sanda na wuce, sannan Malam Isa ya nuna mini. Ashe kullum ina aiki a guruf ɗinku ban sani ba. An faɗi farashin shinkafa a Marshe Dakar, sai a aiko fuskata. An ɗauke wuta, fuskata. An ci ku a ƙwallo, fuskata. Ranar da ka nemi a fito gyaran kwata saboda ruwa ya shiga gidaje, mutanenka da fuskata suka amsa maka, ɗaya bayan ɗaya. Ranka ya daɗe, ni na fito da shebur ranar nan. Masu aiko ni ne ba su fito ba.

Makon jiya wani ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ya ɗauko ni daga Grand Hangar. Yaron ba Bahaushe ba ne, ban taɓa ganinsa ba, amma har muka haye gada Baba Jamais yake kira na.

Na uku. Sana'ata hula. Rabin kawunan unguwar nan ni na koya musu yadda ake zaunar da ita, har da na mahaifinka, Allah ya jiƙansa, wanda kansa ba mai sauƙin sha'ani ba ne. Yau duk garin Duwala da karkatacciyar hula ya san ni. Samari suna tsayawa a rumfata, ba su taya komai, sai su roƙe ni in sake yin fuskar su ɗauka.

Na huɗu. Tunda an buɗe baki. Ku rage aika wa marar lafiya hoton fure da asuba alhali gidansa yana bayan naku. Ku bari a yi bisimilla kafin a ɗauki tuwo hoto. A maƙabarta kuma hannu biyu ake bukata, ɗaya ba ya isa zuba ƙasa in ɗayan yana sama da waya.

Na biyar. Wannan ban so faɗa ba, kuma in da kun bar ni da fuskata da ba wanda zai ji.

Lokacin da aka ɗauki hoton, liman ne ya gama faɗin sunan yarinya. Ya ce Hajara. Sunan uwar 'ya'yana ke nan, wadda muka binne daminar bara. Ba wanda ya gaya mini tun da wuri, wai suna so su faranta mini. Tun ranar da aka yi mata salla ban sake jin an faɗi sunan nan da ƙarfi cikin maza ba. Wani abu ya taso mini daga ƙirji. Ga surukai, ga 'ya'ya, ga liman. Dattijo ba ya yin wannan a gaban mutane. Sai na danne shi da baki, na danne shi da ido. Hannu ya tafi zai share fuska, na mai da shi susar kai, hula ta goce. To, ga hotonku nan. Abin da kuke aikawa in an ci ku a ƙwallo ke nan.

Hoton ya riga ni shiga cikin gida wurin mata. Surukata ta gan shi tana riƙe da jaririya, da JAMAIS ɗinsa. Me kake so ta ɗauka? Ta ɗauka na ƙi sunan, ko na ƙi a haifa mini mace. An yi arba'in, an zaga da yarinyar gidajen dangi har Bonaberi, gidana ne kawai ba a tsaya ba. Ɗana yana zuwa gaisuwa daga bakin ƙofa, yana kallon takalminsa, ya tafi. Ni kuwa ba zan zaunar da ɗan fari da matarsa in yi musu irin wannan bayani ba. Ba haka aka rene mu ba, kuma ba yanzu zan fara ba. Kai nake yi wa bayani, Admin, don kai ne hukuma. In wani ya karanta, ba ni na aika masa ba.

Ga abin da nake nema.

A cire sitikar. Malam Isa ya ajiye alƙalami yana ce mini ba ta ciruwa, wai ta kai Garwa, ta kai Kano. Ban yarda ba. Yadda kuka aika ta, ku aika a dawo da ita.

Wanda ya ɗauka ba na neman sunansa a fili. Ya zo ya gaishe ni da wayarsa cikin aljihu, magana ta ƙare.

Ka sa wannan takarda a guruf ɗin gaba ɗayanta, kada ka yanke na biyar. Duk wanda ya aiko fuskata a ƙarƙashinta, ka yi masa aikinka.

In kuma dole sai kun riƙe hotona, ku zo ranar Juma'a bayan La'asar. Zan zauna a ƙofar gida da farar riga, hula a zaune daidai. Hannuwana ba za su riƙe komai ba, ko da akwai mai abin da zai ɗora mini a kansu. An ce amaryar tawa ta fara dariya. Bai kamata ango ya ji wannan a bakin mai makala ba.

Allah ya yi maka jagora a wannan shugabanci da ya ɗora maka, ya ba ka 'ya'ya masu neman izini kafin su ɗaga waya. Allah ya tsare fuskarka ranar da abu zai taso maka cikin mutane.

Wassalam.

Tanko Mai Hula,
layin bayan masallaci, New Bell.