Saurar da Kaka Maitama Ya Hana Nomawa

Tsiga, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Abdulmutallib,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da harkar kasuwa a Funtuwa. Mu nan jiki lafiya, hankali ne a tashe.

Taraktar da ka aiko ta shiga saurar Kaka Maitama jiya da hantsi. Ba ta yi nisa ba garmarta ta fara tono fasassun tukwane a jere, sai ga ƙashi. Yaya, ƙashin mutum ne. Nan take na tsayar da direban.

Ka tuna dariyar da muke yi idan an ce Kaka Maitama, kakan Baba, ya hana sa fartanya a nan. Kai ka ce tsoron iskoki ne irin na mutanen da, ni ma na taya ka. Iyakar saninmu da shi, ya yi mai unguwa.

Da labari ya kai wa Baba Liatu, tsohuwar nan ta bayan coci, ta sa aka kawo ta a babur. Ta ce shekarar da cutar agana ta shigo, kowa gudun mai ita yake yi. Kaka ya taɓa yin ta ya tashi, shi ya sa ya kafa bukkoki a gonarsa, yana goyon marasa lafiya zuwa can, ya dama musu kunu, ya shafa musu mai. Wanda ya cika, shi kaɗai yake wankewa ya binne, Musulmi da Bamaguje. Ta nuna mini tabon fuskarta, ta ce a bayansa ta je wurin tana ƙarama. Ƙannenta biyu ba su dawo ba. Matar Kaka, wadda ta haifi kakanmu, ita ma tana cikin waɗanda ya binne a wurin.

Na sallami direban, liman ya zo an mayar da ƙasa a kan ƙasusuwan. Na san ka riga ka sayi iri da taki, kuma za ka ce na yi gaban kaina. To, na yi. Ka zo ka tsaya inda Baba Liatu ta durƙusa tana kiran sunayen ƙannenta. In bayan nan za ka iya, ka kira direban da bakinka.

A gaida kowa da kowa. Allah ya jiƙan magabata.

Ƙanwarka,
Naja'atu